Kwalba Huɗu a Tanki Ɗaya

Tun ranar da muka dawo kun hana ni sakat. Fa'iza ta kira sau uku. Maryam ta tare ni a hanyar Kusugu tana tambaya wai ya Nijar, me na sayo, da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ta karanta, kada a sake tambayata. Ban sayo komai ba. Ban je Damagaram ba. Abin da na fi kallo a ƙasar Nijar shi ne cikin injin motar Yaya Lawal.

Ga dalilin tafiyar, don wasunku sun ɗauka buɗe ido na je. Kakata, mahaifiyar Baba, 'yar wani ƙauye ce a bayan Magarya, Rijiyar Kalgo. Aure ne ya kawo ta Daura. A cikin 'yan ɗakinsu mutum ɗaya ya rage mata, ƙanenta Malam Sale, wanda har gobe Auta take ce masa duk da furfurarsa. Aka bugo waya aka ce jikinsa ya yi tsanani, ya daina cin abinci, kuma sunanta yake ta kira. Wanda ya bugo bai yi kwana-kwana ba, ya ce in za a zo, a zo yanzu.

Kaka ba ta iya motar haya saboda gwiwoyinta, don haka Baba ya ce Yaya Lawal ya kai ta a a-kori-kurar gidanmu. Shi Baba ƙafarsa ce ta kumbura, sai ƙanensa Baffa Isa ya tafi a madadinsa. Ni kuwa an haɗa da ni ne don ni ke ba Kaka maganin hawan jini. In aka bar mata shi a hannu, na kwana uku za ta haɗiye lokaci guda, wai don ta warke da wuri.

Motar nan ta girme ni. Gas take sha, kuma da ita Yaya ke kai hatsi kasuwanni. Wata biyu ke nan tana baƙin hayaƙi, tana karkarwa in an tsaya, da safe kuma sai an yi ta fama kafin ta tashi. Bakanike ya ce nozul ne suka yi datti, wato 'yan bakunan nan huɗu da ke fesa gas a cikin inji, a kawo masa ita ta yi kwana biyu. Kwana biyun ne ba mu da su. Baba ya ɗingisa zuwa wajen masu sayar da kayan mota, ya dawo da baƙar leda, a ciki kwalba huɗu na maganin wanke nozul, irin wanda ake zubawa a tanki ya gauraya da mai. Ya ce ɗaya ta tafiya, sauran a ajiye.

Aka miƙo mini in karanta, tunda ni ce 'yar boko idan ana neman mai karanta takarda, amma yarinya ce idan ana yanke shawara. Na karanta musu sau biyu, na fassara: kwalba ɗaya, a cikakken tanki, kuma kada a ƙara. Kowa ya gyaɗa kai.

An ce za mu tashi bayan sallar asuba. Sha ɗaya saura muka bar ƙofar gida. Duk matar unguwarmu da ta taɓa jin sunan Magarya sai da ta kawo saƙo. Wannan daddawa, wannan sabulu, wata har da kaza mai rai, a kai wa 'yar ƙanwar mijinta da ba ta ma tuna sunan unguwarsu. Baffa ya hau baya tsakanin buhunan dawa biyu, kazar a cinyarsa. Ni da Kaka a gaba.

Kafin ya tayar, Yaya ya buɗe tanki ya juye kwalba ɗaya. Na leƙa allurar mai, tana kan kwata. Yaya Lawal bai taɓa cika tanki ba tunda ya fara tuƙi, yana ganin kamar almubazzaranci ne. Na ce masa cikakken tanki fa aka ce.

"Malama Sa'a," in ji shi, "wannan takardar masu sabuwar mota aka rubuta wa. Tamu tsohuwa ce, mai kauri take so."

Na ƙyale shi don in na biye masa za mu kai azahar.

Har Zango lafiya lau, in ka ɗauke hayaƙin da muke bar wa masu babur a baya. Bayan Baure ta fara tari. Ta yi gaba, ta ja numfashi, ta sake fizga. Yaya ya ce maganin ne ke aiki, haka mai shan maganin shawara yake yi kafin ya samu sauƙi. Kaka ta goya masa baya, ta ce maganin da bai jijjiga mutum ba ai ruwa ne. Ita dai carbinta take ja, tana tambayata ƙarfe nawa kowane minti goma.

A kan iyaka, a Babban Mutum, ɓangarenmu ba a riƙe mu ba. Da muka ƙetara ne na fara sanin mutanen can ba a haife su da gaggawa ba. Jandarman da ya karɓi katunanmu mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma sai da ya gaishe da Kaka, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya dawo kan gida. Ya ce ina za ta. Ta ce gida za ta, shi ne baƙo a nan, ita an yanke mata cibi a ƙasar nan tun ba a kafa wannan rumfar ba. Ya yi dariya, ya tambayi ƙauyen. Ashe kakarsa ta wajen uwa daga can kusa take. Shi ke nan, aka buɗe sabon babi. Ina tsaye ina sauya ƙafa, suna lissafo matattu.

Sannan takardar mota. Mai buga mata hatimi ya tafi hutun rana. Su can haka suke, rana na take tsaka kowa ya rufe, sai wajen ƙarfe uku. Ba laifinsa ba ne, mu ne muka tsaya karɓar kaza. Amma ku gaya mini, a Daura wa zai rufe shago tsakar rana ya je ya kwanta alhali ga mai saye a tsaye?

A nan muka ci abinci. E, Maryam, burodin dogo ne, kuma ɓawonsa na iya fasa dasashi. Cikinsa dai da daɗi. Wata mata ta sayar mana da zogale da ƙuli wanda ya fi namu yaji da albasa, wannan kam na yaba. Sai shayi. Wani dattijo ya gayyaci su Yaya, ni ma aka miƙo mini. Ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, kuma an fi rabin awa ana ɗaga buta sama ana zubawa ana mayarwa. Na shanye na miƙe, aka ce in zauna, saura na biyu da na uku, ba a tashi a na farko. Lokacin da nake fama da wannan, da kuma kai Kaka bayan gida, ban san abin da Baffa yake yi a wajen mota ba. Ku riƙe wannan.

Uku da rabi muka wuce. Daga iyaka zuwa Magarya ba wata tafiya ba ce, mai babur zai je ya dawo kafin tuwo ya nuna. Mu kuwa sau biyu tana mutuwa. Yaya ya buɗe gaba, ya danna wani ɗan famfo da babban yatsa har ya gaji, ta tashi, mu yi 'yar tafiya, ta sake shiru. A tsayuwa ta uku la'asar ta yi, su Yaya suka ɗauki buta suka nufi gindin wata bishiya. Kaka ta jingina da kujera, idonta a rufe.

To a nan ne zan faɗi abin da ban gaya wa kowaccenku a waya ba.

Na zauna ina kallon rana tana sauka, ina tuna muryar mutumin da ya ce a zo yanzu. Raina ya gama ɓaci. Na ce a zuciyata, ƙila dai Yaya ya yi gaskiya, dattin ya yi yawa, kwalba ɗaya ta taɓa shi ne kawai ba ta fitar da shi ba. Ɗaya a kan ɗaya ai ba za ta kashe mota ba. Na zura hannu bayan kujera na jawo ledar. Kwalba ɗaya ce a ciki. Ya kamata a ce uku ne. Da mai haƙuri ce da ta tsaya ta tambayi kanta ina biyun suka tafi. Ni ban tsaya ba. Na sauka, na buɗe tanki, na juye ta tas, na cilla kwalbar bayan taya. Ni ɗin nan da na karanta musu takarda sau biyu.

Kuma ta tashi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Bugu ɗaya ta tashi, ta yi gudun da ba ta yi ba tun Daura. Baffa yana ta kabbara a baya. Ni kuwa ina zaune ina jin kaina, har ina tunanin yadda zan ba su labari in mun isa. Minti goma aka yi. Sai ta yi wata irin shaƙuwa, ta gangara gefen hanya, ta mutu mutuwar da ko famfon Yaya bai tashe ta ba.

Akwai 'yan gidaje kusa. Kafin mu gama shawara wani magidanci ya iso, ya kalli motar, ya kalli Kaka, ya ce mu taho. Bai tambayi sunanmu ba. Matarsa, Iya Mariyama, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta kawo ruwan wanka. Sai da muka ci tuwon gero da miyar kuka har muka wanke hannu, sannan ta ce, to daga ina? Na tuna yadda muke yi wa baƙo a gidanmu, tambaya uku ta bayan ƙyaure kafin a zare sakata. Na ɗan ji kunya. Miyar dai ba ɗanɗanon kanti a ciki ko kaɗan, daddawa ce zalla da gishiri, sai da na kai loma ta biyar kafin harshena ya yarda.

Kaka ba ta ci ba. Layukanmu sun daina aiki tun iyaka, sai da wayar maigidan aka kira Rijiyar Kalgo bayan magariba. Aka ce yana nan, ya karɓi cokali biyu na kunu, kuma da ya ji motsi a zaure sai ya ce ko Yaya Hajjo ce, wato Kaka. Kaka ta miƙa wa maigidan wayarsa. Na ba ta ƙwayarta ɗaya. Ranar ko roƙon ta biyu ba ta yi ba.

A tsakar gida muka kwana, don ɗaki ba ya shiguwa saboda zafi. Da gari ya waye na tarar akuyarsu ta cinye gefen mayafina, sabo, wanda na saya don bikin Fa'iza. Iya Mariyama ta ba ni haƙuri, ta ce akuyar ba ta taɓa yi wa baƙon da ba ta so haka ba.

Wata motar albasa ce ta ja mu zuwa Magarya, da igiyar rijiyar masu masaukinmu. Sau biyu tana tsinkewa. A na biyun mai albasar bai ma lura ba, sai da ya yi nisa ya waiwaya ya ga ba mu. Kazar kuma ta kuɓuce a wajen ɗaurin farko, Baffa ya bi ta cikin gona da babbar riga.

Aka kai mu garejin wani dattijo, Malam Haruna, wanda aka ce duk garin ba mai sanin injin gas kamarsa. Su gazuwal suke ce wa gas ɗin. Siriri ne, ba ya son magana, kuma shi ma sai da ya gama gaisuwarsa tsaf. Ya kwance wani bututu, ya tsiyayi man a kwano, ya kai hanci. Ya ɗago ya kalli Yaya.

"Kwalba nawa?"

Yaya ya ce ɗaya, shi da hannunsa ya zuba a Daura.

Malam Haruna ya sake shinshinawa, ya ce wannan ba warin ɗaya ba ne. Sai Baffa ya gyara murya, ya ce to, shi dai a kan iyaka, da ya ga tana tari, kuma yara sun tafi shan shayi, ya ɗan taimaka mata da ɗaya. Yaya ya juya zai fara faɗa, dattijon ya ɗaga hannu ya ce a kira gida a tambaya. Aka ari waya aka kira Baba. Baba ya ce ai shi tun da asuba, kafin kowa ya fito, ya zuba ɗaya da bismilla, don ya san halin Lawal da mantuwa.

Kun san yadda ake yi wa miyar gidan biki. Wannan ta wuce ta jefa gishiri, waccan ta zo ta ce ai ba a sa ba, ita ma ta jefa. Haka muka yi wa motar nan.

Malam Haruna ya ce nawa aka saya. Aka ce huɗu. Ya ce ina ta huɗun. Yaya ya duba bayan kujera, leda ba komai, ya ce ƙila ta faɗi a hanya. Ni kuwa, maimakon in buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na buɗe shi na hau su da faɗa. Na ce ban karanta muku ba? Ban ce kada a ƙara ba? Manya da ku, kowa na ɓoye wa kowa? Na yi ta yi har Baffa ya sunkuyar da kai. Kaka tana zaune a kan benci, jakarta a cinya, tana kallona kawai.

Dattijon ya kwance filtar mai, wato abin da ke tace man kafin ya shiga inji, ya yanka ta da wuƙa ya buɗe mana. Baƙin taɓo ne cunkus, kamar ƙasan kwata. Ya ce maganin ba na banza ba ne, shi ma yana amfani da shi. Aikinsa shi ne ya narkar da ɗan baƙin da ke taruwa a bakin nozul, a hankali, yayin da mota ke shan cikakken tanki. Amma ba ya bambance dattin nozul da dattin tanki. Tankin nan ya shekara da shekaru yana shan man jarka na bakin hanya, da ƙurarsa da ruwansa, duk sun kwanta a ƙasa. Mun zuba masa magani mai yawa a ɗan mai kaɗan, ya kankare komai lokaci guda, ya tura wa filta, filta ta toshe. Ya ce ko kwalba ɗaya za a sa wa tsohuwar mota irin wannan, a riƙe sabuwar filta a kusa.

Ya ciro nozul ɗin ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya a wani famfon hannu. Uku suka yi feshi mai laushi kamar turaren fesawa. Ta huɗun ta tsiyayar da man kamar bakin buta. Ya ce wannan ta cinye, ko kwalba ɗari aka zuba ba za ta gyaru ba, sai an canza bakinta. Za a sauke tanki a wanke, a aika Damagaram a kawo filta da bakin nozul. Gobe da rana, in Allah ya so.

Yaya ya roƙe shi, Baffa ya gaya masa halin da ake ciki. Ya ce ya ji, Allah ya ba da lafiya, amma in ya haɗa ta a haka, a cikin yashi za ta mutu mana inda ba mai albasa. Muka tambayi motar ƙauyen, aka ce sai ranar kasuwarsu. Babur kuma Kaka ba za ta iya ba.

Ina cikin zagaye garejin ina huci, sai na waiga ban ga Kaka a benci ba. Can na hango ta bakin hanya tana magana da wani mai amalanken shanu da ya sauke itace. Kafin in isa har sun gama. Mutumin ƙauyen gaba da nasu ne, ya san Malam Sale, ya ce ai Malam ɗin ne ya yi wa ɗansa huɗubar suna. Matar da saboda gwiwarta aka ɗauko mota tun daga Daura, ita ce ta kama ƙarfen amalanke, ta ce in turo ta ta baya. Baffa ya ce Inna ki yi haƙuri zuwa gobe. Ta ce shi ya yi haƙurin, shi da ɗan'uwansa da ɗansu, su zauna su yi ta ba mota magani.

Awa huɗu muka yi. Ba inuwa, ba katifa, sai buhun da mutumin ya ninka mata. Shanun nan ba sa sauri ba sa tsayawa. Na lulluɓe mu da mayafin da akuya ta rage. Tun ina ƙirga ramuka har na daina. Mun yi nisa, ba kowa sai mu da ƙarar ƙafafun amalanke, sai Kaka ta buɗe jakarta tana lalube. Na ɗauka goro take nema. Kwalbar ta ciro. Wadda na cilla bayan taya.

Kun san Kaka ba ta wuce kwalba a ƙasa. Ta man gashi, ta maganin tari, duk tana da su a ƙarƙashin gado. Ashe da na koma mota ta ce za ta sauka ta yi alwala, a nan ta tsince ta.

"In mun isa ki wanke mini wannan," ta ce. "Murfinta na da kyau."

Na ce Kaka wannan guba ce, ba a zuba komai a ciki.

"Au, guba ce? Na ga kin juye ta duka, na ce ko maganin ƙara ƙarfi ne."

Na ce idonki biyu ashe. Ta ce tun da aka bugo wayar nan ba ta yi barci ba, rufe ido kawai take yi don kada a dame ta da sannu. Na ce me ya sa ba ki faɗa ba a gareji. Ta ce tana jira ne ta ga ko makarantar da aka kai ni ta koyar da wannan ma, ko karatun takarda kawai aka tsaya.

Na fara kuka, abin da na tsana a gaban mutane. Na ce in muka tarar ya rasu ni ce. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce rai ba a hannuna yake ba, kada in ɗauki kaina da girma haka. Amma faɗan da na yi wa Baffa, wannan nawa ne, ni zan san yadda zan yi da shi. Ta mayar da kwalbar jaka. Can muka hango rumbunan ƙauyen.

Abin da na fara saurara shi ne ko akwai kuka. Babu. Wata mata na daka, yara na wasa a ƙofar gida. Kaka ba ta jira an sauke ta ba, ta zamo da kanta, ta shiga ba sallama.

Yana kwance a kan tabarma a rumfa, ya rame har ban ga kamar da ake cewa suna yi ba sai a goshi. Ta zauna a gefensa ta kama hannunsa. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta.

"Yaya Hajjo. Kin daɗe a hanya."

"Motar 'yan boko na hau, Auta."

Ya yi murmushi. Ya ce a kawo mata fura, a yanka mata kaza. Aka ce ga ma wata sun zo da ita, don Baffa ya ɗora mana ita a amalanke. Har yau ban san ko ta wace ce ba a Magarya, amma a ranar aka cinye ta. Shi ma ya karɓi romo cokali uku daga hannun Kaka. Suka yi ta hira ƙasa-ƙasa har rana ta faɗi, sunayen mutane da na gonaki da ban taɓa ji ba. Washegari da hantsi ya cika, hannunsa a cikin nata.

Ana dawowa daga maƙabarta aka ji ƙarar mota. Ban gane ta ba. Ba hayaƙi, ba karkarwa, tana tafe a cikin yashi sumul. Su Yaya suka sauko, suka ga mutane zaune a tabarmi, suka gane. Baffa ya tsuguna a wajen ya rufe fuska da hula. Kawunsa ne, shi ya yi masa kaciya, kuma bai same shi ba.

Wannan ne ya tsaya mini a wuya kwana ukun da muka yi a can. Kaka ta samu abin da ta zo nema. Baffa bai samu ba, kuma yana ganin kwalbarsa ce ta jawo.

Ranar da za mu taho, Yaya ya tsaya a Magarya ya cika tanki, karo na farko a tarihi, kuma ya sa mai man ya tace shi da ƙyalle a kan mazurari kamar yadda Malam Haruna ya ce. Muna tsaye a wajen na ce, Baffa, ta huɗun ba faɗuwa ta yi ba. Ni na zuba, lokacin da kuka tafi la'asar. Kuma bayan tawa ce ta mutu. Na ce ya yafe mini maganganun da na faɗa masa a gareji.

Baffa ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, shi ma ai ya ji lokacin da na karanta. Yaya kuwa ko kunyar zaman makoki bai ji ba. Ya jingina da mota yana dariya har da riƙe ciki, ya ce a sake karanta masa takardar nan, bai ji wajen da aka ce 'yar boko ta zuba ta ƙarshe ba. Daga Magarya har ƙofar gidanmu bai kira ni Sa'a ba ko sau ɗaya. Ta Huɗu. Yanzu har Baba ya ɗauka, shi da ya zuba ta farko.

To kun ji yadda Nijar take. In kuna son labarin kasuwa da atamfa, ku tambayi wadda motarsu ta kai ta.

Kwalbar tana nan a kan tagar Kaka. Na ce a jefar, ta ƙi. Ba ta zuba komai a ciki ba, ajiye ta kawai ta yi kusa da maganinta. Jiya da safe na ɓallo mata ƙwaya ɗaya, ta ce kanta na sarawa, in ƙara mata. Na ce likita ɗaya ya ce, kuma a jikin kwalin ma an rubuta. Ba ta yi musu ba. Ta miƙa hannu ta ɗan juya kwalbar nan, yadda rubutun zai fuskance ni, sannan ta haɗiye ɗayar.